Abin da Wasannin Sada Zumunta Suka Nuna Kafin Tafiyar Super Eagles Rasha

Wasan sada zumunta shi ne wanda hukumomin ƙwallon ƙafa na ƙasashe biyu kan shirya bisa yarjejeniya a tsakaninsu, ba don neman maki ko kofi ba, sai don mai horarwa ya gwada 'yan wasansa, ya ga wanda ya murmure daga rauni, ya kuma jarraba tsarin da yake niyyar shiga gasa da shi. Duk da cewa babu abin da ake ci a cikinsa, da wuya a sami wasan da ke tayar da gardama a gidajen kallo da majalisun unguwa kamar wanda aka buga ana saura kwanaki kaɗan a fara babbar gasa, domin a lokacin ne zukata suke cike da fata da fargaba. Masu sharhi a irin waɗannan wurare sukan rabu gida biyu. Wasu sukan ɗauki sakamakon tamkar hukunci, suna kafa hujja da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wasu kuma sukan yi watsi da wasan gaba ɗaya, su ce ai atisaye ne kawai. Shirin da tawagar Najeriya, Super Eagles, ta yi kafin gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ya nuna cewa kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani, domin Larabar ta nuna alamu ƙarara, sai dai ba a cikin yawan ƙwallayen da aka ci alamun suke ba.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta sami gurbin zuwa wannan gasa, bayan da ta doke Zambiya da ci ɗaya mai ban haushi a Uyo cikin Oktoban 2017, a ƙarƙashin Gernot Rohr, Bajamushen da masu kallo a Jamhuriyar Nijar suka riga suka sani, tun da ya taɓa horar da tawagarsu ta Mena kafin ya karɓi aikin Najeriya a 2016. Wata guda bayan haka, ranar 14 ga Nuwamba, aka kara da Ajantina a birnin Krasnodar na Rasha, inda Ajantina ta fara jefa ƙwallaye biyu ta hannun Ever Banega da Sergio Aguero, sannan Kelechi Iheanacho ya farke ɗaya da bugun tazara dab da hutun rabin lokaci, aka dawo Alex Iwobi ya ci biyu, Brian Idowu ya ci ɗaya, aka tashi huɗu da biyu. Murnar da ta biyo baya ba ta da laifi, domin ba kullum ake doke Ajantina ba, amma ta rufe idon mutane da yawa daga abubuwa biyu. Na farko, Lionel Messi bai buga wasan ba. Na biyu, dokar wasan sada zumunta a wancan lokaci ta ba kowace ƙasa damar canza 'yan wasa har shida, alhali uku kawai aka yarda da su a wasan gasa, wanda ke nufin tawagar da aka ci ƙwallaye a zagaye na biyu sau da yawa ba ita ce wadda ta fara wasan ba, kuma ba ita ce za a tarar a gasa ba.

Abin da ya cancanci a riƙe daga daren Krasnodar shi ne yadda Rohr ya jera 'yan wasansa. Tsari, a yaren ƙwallo, shi ne yadda ake raba mutum goma da ke gaban mai tsaron raga zuwa 'yan baya da 'yan tsakiya da 'yan gaba, kuma ana bayyana shi da lambobi daga baya zuwa gaba. A wasannin neman gurbi Najeriya ta saba da tsarin 4-2-3-1, wato masu tsaron baya huɗu, 'yan tsakiya biyu masu tare hanya, uku masu kai hari, da ɗan gaba guda. A Krasnodar kuwa an koma ga masu tsaron baya uku, aka sa mutum biyu su riƙa sintiri a gefen fili daga baya har gaba, aka kuma haɗa 'yan gaba biyu, wanda shi ne ake kira 3-5-2. Amfanin wannan tsari ga tawaga irin ta Najeriya a bayyane yake: yana cika tsakiyar fili da mutane, yana rage ɗawainiyar da ke kan masu tsaron gefe, waɗanda a lokacin ba su ne ƙarfin tawagar ba, kuma yana ba 'yan gaba masu gudu damar afka wa abokan hamayya da zarar an ƙwace ƙwallo. A wannan wasa ne kuma Francis Uzoho ya fara tsare ragar Najeriya, inda ya shigo bayan hutun rabin lokaci, a daidai lokacin da ake neman wanda zai gaji Carl Ikeme, golan da aka gano yana fama da cutar sankarar jini a tsakiyar 2017.

Wasannin watan Maris na 2018 ba su ƙara haske sosai ba. An doke Folan da ci ɗaya ta bugun fenariti na Victor Moses, aka sha kashi da ci biyu a hannun Sabiya a Landan, duka ta hannun Aleksandar Mitrovic, sannan a ƙarshen watan Mayu aka yi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo a Fatakwal.

Wasan da ya fi kowanne faɗin gaskiya shi ne na ranar 2 ga Yuni a filin Wembley, inda aka kara da Ingila mako biyu cif kafin wasan Najeriya na farko a Rasha. Hankalin jama'a a wannan mako ya fi karkata ga sabuwar rigar da kamfanin Nike ya ɗinka wa tawagar, wadda aka yi dogon layi a Landan don saye, amma abin da ya faru a fili ya fi rigar muhimmanci nesa ba kusa ba. Rohr ya fara da masu tsaron baya huɗu, ya sa kyaftin John Mikel Obi a bayan ɗan gaba a matsayin mai raba ƙwallo, kuma minti arba'in da biyar na farko sun kasance abin takaici ga duk mai kishin tawagar. Tun a minti na 7 Gary Cahill ya ci da ka daga bugun kusurwa da Kieran Trippier ya ɗauko, ba tare da wani ya takura masa ba, sannan a minti na 39 Harry Kane ya ƙara ta biyu da bugun da ya wuce ta ƙarƙashin Uzoho, bayan an yi sakaci da ƙwallo a tsakiyar fili. Ingila, wadda ita ma da masu tsaron baya uku take wasa a ƙarƙashin Gareth Southgate, ta mamaye tsakiya ta yadda 'yan Najeriya suka riƙa bin inuwa. Da aka dawo daga hutu Rohr ya shigo da sababbin 'yan wasa, cikinsu har da John Ogu da Oghenekaro Etebo, ya koma ga masu tsaron baya uku, kuma cikin minti biyu Odion Ighalo ya buga ƙwallo ta daki ƙarfe, ta dawo, Iwobi ya tura ta raga. An tashi biyu da ɗaya, amma wanda ya kalli zagaye na biyu ya ga wata tawaga dabam, mai natsuwa da riƙe ƙwallo, wadda Ingila ta kasa yi wa yadda ta ga dama.

Kwana huɗu bayan haka aka sake shan kashi da ci ɗaya a hannun Jamhuriyar Cek a ƙasar Ostiriya, kuma ƙwallon da Tomas Kalas ya ci ita ma daga bugun kusurwa ta samo asali. A nan ne sharhin mai lura ya rabu da na mai ƙidayar ƙwallaye. Mai ƙidaya ya ga rashin nasara biyu a jere ya yanke ƙauna, kamar yadda a watan Nuwamba ya ga ci huɗu ya fara maganar wasan kusa da na ƙarshe. Mai lura kuwa ya fito da abubuwa uku da suka maimaita kansu: tawagar ba ta iya tsare ƙwallon da aka ɗauko daga kusurwa, tana samun natsuwa idan ta koma ga masu tsaron baya uku, kuma Mikel, wanda ya shafe shekaru a Chelsea yana wasa a gaban masu tsaron baya, ba ya da saurin da ake bukata a bayan ɗan gaba. Ba sai mutum ya riƙe takardar shaidar horarwa ba kafin ya ga waɗannan, kuma magoya baya da 'yan jarida da dama sun faɗe su tun kafin jirgin tawagar ya sauka a Rasha. Kuskuren da aka yi sau ɗaya a wasan sada zumunta yana iya zama tsautsayi ko gajiyar atisaye, domin a irin wannan lokaci ana wahalar da 'yan wasa a sansani, wasunsu kuma suna kaffa-kaffa da jikinsu don gudun raunin da zai hana su tafiya, amma kuskuren da ya dawo a wasa biyu ko uku, a gaban abokan hamayya mabambanta, ya zama ɗabi'a.

Ranar 16 ga Yuni a Kaliningrad, Rohr ya koma ga tsarinsa na farko a wasa da Kuroshiya, ya sake sa Mikel a gaba, kuma duka ƙwallaye biyun da aka ci Najeriya daga bugun kusurwa suka fito. Ta farko Mario Mandzukic ne ya sa mata kai, ta daki Etebo ta shiga ragarsu a minti na 32, ta biyu kuma fenariti ce da Luka Modric ya ci a minti na 71, bayan William Troost-Ekong ya rungume Mandzukic yayin bugun kusurwa. Adalci ne a ambata cewa Kuroshiya ce ta kai wasan ƙarshe a wannan gasa, kuma Ingilar da ta ci Najeriya da ka a Wembley ta je wasan kusa da na ƙarshe, tara daga cikin ƙwallaye 12 da ta ci a Rasha kuwa daga ƙwallon da aka ajiye aka buga ne, wato kusurwa da tazara da fenariti. Saboda haka ba ƙananan abokan hamayya ne suka tona wannan rauni ba. Amma hakan bai wanke masu horarwa ba, domin gargaɗin ya zo da sauran lokaci, kuma tsaron bugun kusurwa yana cikin abubuwa ƙalilan da ake iya gyarawa a filin atisaye cikin mako biyu, ta hanyar tantance wanda zai riƙe wane da wanda zai tsare wane wuri.

Sai a wasa na biyu, ranar 22 ga Yuni a Volgograd, aka yi abin da zagaye na biyu na Wembley ya nuna. Rohr ya fito da masu tsaron baya uku a wasa da Aislan, ya mayar da Mikel baya kusa da Wilfred Ndidi, ya sa Moses a gefen dama, ya kuma haɗa Iheanacho da Ahmed Musa a gaba. Musa, haifaffen Jos wanda ya yi suna a Kano Pillars kafin ya tafi Turai, kuma a lokacin yana zaman aro a CSKA Moscow, bai fara wasan Wembley ba, bai kuma fara na Kuroshiya ba, abin da ya ƙona ran magoya bayansa da yawa. A minti na 49 ya tare ƙwallon da Moses ya ɗauko masa daga dama ya narka ta a raga, a minti na 75 kuma ya tsere wa mai tsaron baya, ya yanke gola, ya ƙara ta biyu. Ƙwallaye biyun duka na gudu ne da kai harin ba-zata, wato ainihin abin da aka ƙirƙiri tsarin dominsa.

Tsari kaɗai ba ya cin wasa, kuma wasa na uku ya tabbatar da haka. Ranar 26 ga Yuni a Saint Petersburg aka sake haɗuwa da Ajantina, wannan karon da Messi a fili, shi ne kuma ya fara cin ƙwallo a minti na 14 daga doguwar ƙwallon da Banega ya aika masa. Moses ya farke da fenariti bayan an dawo daga hutu, kuma da an tashi a haka da Najeriya ce ta wuce zagaye na biyu, sai Marcos Rojo ya ci a minti na 86. Wanda ya dogara da huɗu da biyun Krasnodar ya ɗauka an riga an san lagon Ajantina, bai yi la'akari da cewa ƙasar da ke wasa don kada a kore ta daga gasa ba ɗaya take da wadda ta zo motsa jiki ba.

Shekaru bayan haka an ga ɗaya fuskar al'amarin. A farkon Janairun 2024 Gini ta doke Najeriya da ci biyu da nema a Abu Dhabi, kwanaki kaɗan kafin gasar cin kofin nahiyar Afirka a Kodibuwa, kuma mutane da yawa suka cire rai. Wannan tawaga ce, a hannun Jose Peseiro, ta kai wasan ƙarshe, inda mai masaukin baƙi ta doke ta biyu da ɗaya ranar 11 ga Fabrairu, kuma abin lura shi ne Peseiro ma ya koma ga masu tsaron baya uku bayan kunnen dokin da aka yi da Ikwatoriyal Gini a wasan farko. Asarar gaske da aka yi a wancan sansani ita ce raunin da ya hana Victor Boniface zuwa gasar, ba sakamakon wasan Gini ba.

Game da 2018 kuwa, Rohr ya cancanci yabo kan kai tawaga mafi ƙarancin shekaru a gasar har dab da zagaye na biyu, a rukunin da ya ƙunshi Ajantina da Kuroshiya. Sai dai ya sami amsar da yake nema a Wembley tun ranar 2 ga Yuni, bai yi aiki da ita a gasar ba sai ranar 22 ga wata, bayan wasa ɗaya cikin uku ya riga ya salwanta, kuma wannan jinkiri laifinsa ne.