Labarin Filin Wasa Na Ogasta A Ƙasar Amurka

Kowace shekara, idan watan Afrilu ya kama, hankalin masu sha'awar wasan golf, watau wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu, yakan koma wani gari mai suna Ogasta a jihar Jojiya, can kudancin Amurka. A nan ne ake yin gasar da ake kira Masters, a filin wani kulob mai suna Augusta National. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu labarin wannan fili, domin akwai abin lura cikinsa. Waɗanda suka tsara shi sun yi nufin ya zama fili mai sauƙi ga kowane irin ɗan wasa, gwani da ɗan koyo, amma kuma ƙofarsa tana cikin ƙofofin da suka fi wuyar shiga a duniya.

Ga wanda bai san wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Fili yana da rami 18. Mutum zai ɗauki sanda ya bugi 'yar ƙwallo daga mafari har ya jefa ta cikin rami, ana ƙidaya bugunsa, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Kowane rami yana da ƙa'idarsa, wani bugu uku, wani huɗu, wani biyar. A Ogasta jimlarsu 72. Kewayen kowane rami akwai dandali mai laushi inda ake gangara ƙwallo. Waɗanda suka san filayen Jos da Kano da Kaduna na dā za su tuna cewa yashi ne ake kwaɓawa da mai a daɓe a wurin. Can kuwa ciyawa ce ake aske ta ƙwal kamar darduma.

Asalin filin daga wani lauya ne na birnin Atlanta, Bobby Jones. Shi ba don kuɗi yake wasa ba, amma a shekarar 1930 ya cinye manyan gasa huɗu na zamaninsa, biyu a Biritaniya, biyu a Amurka, abin da ba a taɓa yi ba. Daga nan sai ya aje gasa yana da shekara 28 kacal. Abin da ya dame shi shi ne, duk inda ya ɗauki sanda sai jama'a su yi masa caa, saboda haka ya so ya sami wurin da zai yi wasa da abokansa cikin kwanciyar hankali. Wani attajirin New York, Clifford Roberts, ya taya shi neman wuri da tara kuɗi. A 1931 suka sayi wata tsohuwar gona mai eka 365 a kan dala 70,000. Da fari gonar baba ce, irin wanda marina ke rini da shi. Daga baya wasu mutanen Beljiyam, zuriyar Berckmans, suka saye ta suka mai da ta wurin renon itatuwa da furanni. Wannan ne dalilin da ya sa har yau kowane rami a cikin 18 ɗin nan ake kiransa da sunan wani itace ko fure.

Wanda aka ɗauka ya zana filin shi ne Likita Alister MacKenzie, haifaffen Ingila, ɗan asalin Sikotilan. Labarinsa yana da ban sha'awa. Aikin likita ya koya, ya kuma bi sojan Ingila zuwa Yaƙin Bowa a Afirka ta Kudu. A can ya lura da yadda Bowa suke haƙa ramukan ɓuya su saje da ƙasa, har abokin gaba ya iso kansu bai gan su ba. Wannan ilmi na ɓad da kama shi ne ya kawo cikin sana'ar tsara filaye: a tara tudu da hannu amma ya zama kamar Allah ne ya aje shi nan tun fil azal, a kuma ɓoye hatsari inda ido ba zai yi zato ba.

Shi da Jones bakinsu ɗaya, don dukansu suna ƙaunar tsohon filin nan na St Andrews a Sikotilan. A zamanin, galibin masu tsara filaye sukan ƙuntata hanya, su cika gefe da doguwar ciyawa da gurabun rairayi, wanda duk ya kauce ya sha wuya. Su kuwa suka ƙi wannan. Suka bar hanya da faɗi ƙwarai, ba doguwar ciyawa, gurabun rairayi kuma ba su kai talatin ba. Dattijo mai raunin hannu zai iya zagaya filin bai ɓad da ƙwallo ko ɗaya ba. To, ina wahalar take? Tana wurin dandalin rami. An yi su da tuddai da gangare, har ya zama wanda yake son ya ci rami da ƙarancin bugu tilas ya yi tunani tun daga mafari, ya san ta wane ɓangare zai tunkari tuta. Idan ya zo ta baibai, ko da bugunsa ya yi kyau, ƙwallo za ta sauka ta yi ta gangara tana nisa da rami yana kallo. Mu a ganinmu wannan ita ce hikimar filin duka: ba ƙarfin damtse ake jarrabawa ba, hankali ne.

An buɗe filin a watan Janairu na 1933, lokacin kuwa kasuwar duniya ta faɗi, kuɗi sun yi wuya. An yi tsammanin samun mambobi 1,800, amma da aka zo gasar fari a watan Maris na 1934 ba su kai ɗari ba. MacKenzie ya yi ta rubuta takardu yana neman sauran ladansa, har ya rasu a Janairu na 1934 bai karɓa duka ba, bai kuma ga gasar ba. Horton Smith ne ya cinye ta. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka rufe wurin, aka zuba shanu da talotalo suna kiwo a kai. Ba a yi gasa ba daga 1943 zuwa 1945.

Baƙon da ya sami shiga yakan fara bi ta wata hanya mai tsawon wajen yadi 330, itatuwan magnoliya sun yi mata rumfa dama da hagu. Abin da ya fi ba shi mamaki in ya fita fili shi ne tudu. A hoto wurin kamar shimfiɗaɗɗe yake, alhali kuwa daga gidan kulob zuwa rafin da ke can ƙasa gangaren ya fi ƙafa 150. Da wuya mutum ya sami inda ƙafafunsa biyu za su tsaya daidai. Ciyawar dandali kuma, wadda aka sake irinta wajen 1981, santsi gare ta ƙwarai. An ma binne na'urori a ƙarƙashi masu zuƙe ruwa don kada damshi ya rage mata gudu.

Inda aka fi yin kuka da dariya shi ne rami na 11 da na 12 da na 13, wurin da wani marubuci, Herbert Warren Wind, ya laƙaba wa suna Kwanar Amin a 1958. Na 12 shi ne mafi gajarta a filin, yadi 155, ƙa'idarsa bugu uku. Rafin Rae ya gitta ta gabansa, dandalin kuwa siriri ne, ga iska tana yawo cikin itatuwa, tutar nan ta nuna gabas, waccan ta nuna yamma. A ranar ƙarshe akan kafa tuta a dama, inda ruwa ya fi kusa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. A 2016 Jordan Spieth yana gaba, ya jefa ƙwallo biyu cikin ruwa, ya ci ramin da bugu bakwai, gasa ta kuɓuce masa. A 2019 mutum huɗu daga cikin na gaba-gaba suka faɗa ruwan nan. Tiger Woods ya ƙyale tuta ya nufi tsakiyar dandali, ya tafi da bugu uku, ƙarshe ya cinye gasar karo na biyar. Kada kuma a ce ya fi ƙarfin wurin: da shekara ta kewayo, shi ma bugu goma ya yi a nan.

Na 13 kuwa ƙa'idarsa biyar, hanya ta karkata hagu, wani reshen rafi ya bi gefenta ya kuma ratsa gaban dandali. Bayan bugun fari sai mutum ya zaɓa: ya yi kasada ya tsallake ruwa, ko ya tsaya baya ya ƙara bugu ɗaya. Da sanduna da ƙwallaye na zamani suka sa nisan bugu ya ƙaru, wannan zaɓi ya soma lalacewa, sai kulob ya sayi ƙasa daga maƙwabcinsa ya ja mafari baya, a 2023 ramin ya koma yadi 545. Haka aka yi ta ƙara tsawo, aka dasa itatuwa, gurabun rairayi suka kai 44, filin ya wuce yadi 7,500. Akwai masana da ke ganin an ƙuntata abin da MacKenzie ya bari a sake, mu ma muna ganin maganarsu ba ta rasa tushe ba.

Sauran batun ƙofa. Ba a neman shiga kulob ɗin, sai dai a gayyaci mutum, mambobin kuma wajen 300 ne. Baƙo ba ya wasa sai tare da mamba, ana kuma rufe filin tun daga ƙarshen Mayu har Oktoba saboda zafi. Dokar gida ba ta san sarauta ba. Shugaba Eisenhower mamba ne, akwai kuma wani itace a rami na 17 da ya sha tare masa ƙwallo. A taron 1956 ya kawo shawara a sare shi, Roberts bai yi wata-wata ba ya tashi taron. Itacen ya tsaya har 2014, sa'ad da ƙanƙara ta karya shi.

Wannan abin dariya ne, amma akwai wanda ba na dariya ba. Shekara da shekaru baƙar fata ba ya taka filin nan sai dai a matsayin ma'aikaci ko mai ɗaukar jakar sanduna. Har 1982 tilas ne kowane ɗan gasa ya ɗauki ɗan jaka daga cikin na kulob, su kuwa duk baƙaƙe ne. Su suka san kowane gangare, da shawararsu aka yi ta cin gasa, amma wani ne ke sa koriyar kwat ɗin nan da ake ba zakara tun 1949. Sai a 1975 Lee Elder ya zama baƙar fata na fari da ya shiga gasar. Sai a 1990 aka karɓi mamba baƙar fata, Ron Townsend. Da Woods ya ci gasar a 1997 yana ɗan shekara 21, da ratar bugu 12, Elder yana wurin yana kallo. Mata kuwa sai da suka jira har 2012, lokacin da aka gayyaci Condoleezza Rice da Darla Moore.

Akwai wata 'yar kafa guda da aka bari. Bayan an gama gasa ran Lahadi, kashegari Litinin akan bar wasu 'yan jarida kaɗan, waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu, su zagaya filin, tutoci suna nan inda gwanaye suka bar su jiya.