Ko Kun Sani? Tabon Haƙori Ne Ya Tona Asirin Fuloraid

Haƙora masu tabo ne suka fara nuna wa likitoci amfanin sinadarin fuloraid! A 1901 likitan haƙori Frederick McKay ya sauka a Colorado Springs ta Amurka, ya tarar da haƙoran mutanen garin sun rine kamar na maciya goro. Abin mamaki, ba sa saurin ruɓewa. Sai a 1931 aka gano yawan fuloraid a ruwan sha ne sanadin tabon.

Ɗan kaɗan daga cikinsa kuwa yana ƙarfafa bayan haƙori, tsamin ƙwayoyin cuta ya kasa saurin cin sa. A 1945 birnin Grand Rapids ya riga kowa zuba shi a ruwan famfo.

A 2015 hukumomin lafiyar Amurka suka tsayar da ma'auninsa: miligiram 0.7 kacal a lita.