Yadda Ake Auna Girman Sashen Gida a Faransa

Wanda ya saba da sayen fili ba ya shan wahalar lissafi. A auna tsawo, a auna faɗi, a ninka wannan da wancan: fili mai mita 20 a tsaye da mita 20 a kwance ya ba da murabba'in mita 400 ke nan. A lura cewa a bakin jama'a kalmar "faɗi" takan ɗauki ma'ana biyu, wato gefe guda na filin, ko kuma girmansa gaba ɗaya. A wannan bayani za a riƙa cewa "girma" idan ana nufin ma'ana ta biyu.

Abin yakan rikice ne idan gidan bene ne mai sassa da yawa, kowane sashe da mai shi, irin waɗanda suka cika birnin Paris. A nan ba ƙasa ake saye ba, sarari ne tsakanin bangaye. To, kaurin bangon a lissafin wa yake? Matakala fa, da baranda? Mai sayarwa yana son adadin ya yi yawa, domin a murabba'in mita ake yanke farashi.

Saboda wannan ne Faransa ta kafa doka a ranar 18 ga Disamba 1996, ta soma aiki a watan Yuni na 1997. Ana kiranta dokar Carrez, da sunan ɗan majalisar da ya gabatar da ita, Gilles Carrez. Ta wajabta a rubuta girman sashen a takardar ciniki, aka kuma fayyace yadda za a auna shi. Ana ƙirga daɓen wuraren da ke kewaye kuma suke da rufi, bayan an cire bangaye, da matakala, da hanyoyin bututu, da gurbin ƙofofi da tagogi. Ba a ƙirga baranda mai buɗe, haka ma gareji, da wurin ajiye mota, da ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Dokar ba ta shafi gidan da ke tsaye shi kaɗai a filinsa ba.

Ƙa'idar da ta fi ruɗa masu saye ita ce ta tsayin rufi: duk inda tsayin bai kai mita 1.80 ba, ba ya shiga lissafi. A tsofaffin gine-ginen Paris akwai ɗakuna a hawa na ƙarshe, inda a da ƴan aikin gida suke kwana, kuma rufinsu a karkace yake. Alal misali, daɓen irin wannan wuri yana iya kai murabba'in mita 30, amma 11 daga ciki suna ƙarƙashin gangaren rufin, inda sai an sunkuya. A idon doka girmansa 19 ne. Wannan ba ya nufin sauran 11 ɗin ba su da amfani, tun da ana iya sa gado ko akwati a wurin. Sai dai bai kamata a biya su da farashin inda mutum ke tsayawa a miƙe ba. A Jamus an fi sassauci: ƙa'idar da ta soma aiki a 2004 tana ƙirga rabin wurin da tsayinsa ke tsakanin mita 1 da mita 2, baranda kuma yawanci rubu'inta. Ashe ɗaki guda yana iya samun adadi biyu, gwargwadon ƙasar da yake.

Idan aka gano bayan ciniki cewa adadin bai cika ba fa? Doka ta yafe kuskuren da bai wuce kashi 5 cikin 100 ba. A ɗauka an sayar da sashe a kan Yuro 300,000, an rubuta murabba'in mita 60, wato kowane ɗaya ya tashi Yuro 5,000. Kashi 5 cikin 100 na 60 shi ne 3. In aka sake awo aka sami 57.5, giɓin 2.5 ne, mai saye ba shi da ta cewa, ko da yake ya biya Yuro 12,500 a kan wurin da babu shi. In kuwa 56 aka samu, giɓin ya zama 4, sai a mayar masa da kuɗin huɗun duka, Yuro 20,000, ba na abin da ya haura ukun kawai ba. Idan kuma sashen ya fi abin da aka rubuta girma, mai sayarwa ba shi da ikon neman ƙari.

Akwai wa'adi. Mai saye yana da shekara 1 daga ranar da aka sa hannu a takardar ƙarshe don ya kai ƙara, in ta wuce haƙƙinsa ya faɗi. In kuwa ba a rubuta girman ba sam, yana iya neman a soke cinikin cikin wata 1.

Raunin dokar a nan yake: ba ta tilasta wa mai sayarwa ɗauko ƙwararren ma'auni ba, yana iya aunawa da kansa. Shi ya sa mai saye da ya san abin da yake yi yakan tambayi wanda ya yi awon da lokacin da aka yi shi, musamman in an rushe wani bango ko an gina sabo bayan haka. Wanda ya zo daga ƙasar da ake awo da ƙafa kuma sai ya juya lissafinsa tukuna: murabba'in mita 1 ya ɗan haura murabba'in ƙafa 10.7.