Ƙwayar Hana Barci

Da damina ta kama, mai talla yakan shigo kasuwa da ƙwayar nan da ake kira a-ji-garau, ya ce wanda ya sha zai wuni yana noma bai gaji ba. To, ku ji yadda abin yake.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari, likitoci suna ce masa dofamin. Shi ke sa mutum kuzari da son aiki. Kaɗan-kaɗan yake fitowa, in ya gama aikinsa ya koma. Ƙwayar nan, watau amfetamin, takan sa shi ya kwararo da yawa, ta kuma hana shi komawa. Sai barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, zuciya ta yi ta bugawa. Gajiyar kuwa tana nan, ji ne kawai ba a yi.

In ta saki mutum, sai kasala da baƙin ciki da faɗa da iyali. Nan gaba ɗaya ba ta isarsa, sai biyu. Wanda ya daɗe yana sha yakan fara jin muryoyi, yana zargin maƙwabta.

Maigida, in ka ga ɗanka ya kwana uku ido biyu, ba ya taɓa tuwo, kai shi asibiti. Ka tafi da ƙwayar likita ya gani.