Kariyar wuce-ƙimar lantarki a na'urar sanyaya ɗaki

Kariyar wuce-ƙimar lantarki tsari ne da ke yanke wuta daga injin na'urar sanyaya ɗaki idan lantarkin da injin ke ja ya zarce abin da wayoyinsa za su iya ɗauka. Ana auna wannan lantarki da amfiya. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa fiye da yadda lantarkin ke ƙaruwa: idan lantarkin ya ninka sau 2, zafin zai ninka sau 4. Shi ya sa kwayil ɗin kwamfireso ke ƙonewa idan babu abin da zai katse wutar da wuri.

Dalilai

A Najeriya wutar gidaje bolt 230 ce. Idan ƙarfin wuta ya yi ƙasa, sai kwamfireso ya ƙara jan lantarki domin ya yi aikin da ya saba. Haka nan a lokacin tashi, injin kan ja ninki 5 zuwa 7 na abin da yake ja idan yana juyawa. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, matsin gas bai daidaita ba, injin na iya cijewa ya ci gaba da jan wannan lantarki mai yawa. Sauran dalilan sun haɗa da lalacewar kafasita, ƙurar da ta toshe ɓangaren na'urar na waje, da haɗuwar wayoyi.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne fiyus ko bireka da ke kan layin gida, wanda ke kare wayoyin bango daga gobara. Na biyu ƙaramar na'ura ce a jikin kwamfireso, mai ɗauke da ƙarafa iri biyu da aka manne. Idan ta yi zafi sai ta lanƙwashe ta raba layin, idan ta huce ta mayar. Yawancin na'urori kuma suna jinkirta tashi na kusan minti 3.

Na'urori masu inbata, waɗanda kamfanin Toshiba na Japan ya fara sayarwa gidaje a 1981, suna juya injin ta hanyar taransistoci masu saurin lalacewa. Fiyus ba ya da saurin da zai cece su. Saboda haka allon na'urar yana auna lantarkin a kai a kai, ya kashe taransistocin cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, sannan ya nuna lambar matsala.

A Hunkuyi da kewaye

Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, tare da Makarfi da Ikara, suna cikin yankin kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba wuta a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. An fi buƙatar sanyi daga Maris zuwa Mayu, bayan hunturu ya bar ƙura a jikin na'urori. Janareta da ya yi wa na'ura kaɗan shi ma yakan sauke ƙarfin wuta a daidai lokacin tashin kwamfireso.

Yawan katsewar na'ura alama ce ta wata matsala da kariyar ke nunawa. Ɗaura wayar tagulla a gurbin fiyus, ko cire kariyar kwamfireso, ba ya gyara komai, sai dai ya bar injin ya ƙone ko wayoyi su kama da wuta. Abin da ya dace shi ne a auna ƙarfin wutar, a wanke na'urar, a duba kafasita, sannan a sa sitabilaiza da bireka daidai da amfiyar da aka rubuta a jikin na'urar.