Hanya Biyu Zuwa Jami'a Ɗaya a Malesiya

A birnin Kuala Lumpur, ɗalibin da ya gama sakandare ya ci jarrabawar SPM yana da manyan hanyoyi biyu na shiga jami'ar gwamnati irin su Jami'ar Malaya, kuma ba makinsa kaɗai ke zaɓar masa wadda zai bi ba, har da ƙabilarsa. Ta farko ita ce Matrikulasi, wato karatun share fage na shekara guda a kwalejojin kwana, inda aka ware kashi 90 cikin 100 na gurabe ga Bumiputera, sunan da ya ƙunshi Malayawa da 'yan asalin Sabah da Sarawak. Ta biyu ita ce aji shida, mai cin shekara ɗaya da rabi, wanda ake rufewa da jarrabawar STPM da ta yi suna wajen tsauri, kuma nan ne 'ya'yan Sinawa da Indiyawa da yawa kan ƙare.

Wannan rabo ba daga sama ya faɗo ba. A zamanin Turawan Ingila, makarantun Turanci irin su Victoria Institution a birane suke, alhali yawancin Malayawa suna ƙauye suna noma da kamun kifi. Bayan tarzomar ƙabilanci ta 13 ga Mayu, 1969, gwamnatin Tun Abdul Razak ta ƙaddamar da Sabuwar Manufar Tattalin Arziki a 1971, aka kuma gyara sashe na 153 na tsarin mulki domin halatta kaso a manyan makarantu. Wanda ya san yadda makin shiga makarantun haɗin kan ƙasa ke bambanta daga jiha zuwa jiha a Najeriya ba zai ji abin baƙo ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ya faru a 2002, lokacin da aka soke kason shiga jami'a aka ce cancanta za a bi, amma aka ɗora sakamakon Matrikulasi da na STPM a ma'auni guda, duk da cewa manhaja da tsawon karatu da salon gyaran takardu sun sha bamban. Ke nan kason bai mutu ba, ya dai ja da baya zuwa ajin da ke gaban jami'a, inda ido bai cika kai wa ba.

A 2019 an ƙara gurabe daga 25,000 zuwa 40,000 ba tare da taɓa rabon ba, sannan a 2024 Firaminista Anwar Ibrahim ya ba da tabbacin gurbi ga duk wanda ya samu A goma a SPM, ko ɗan wace ƙabila ne. Sai dai wannan sassauci ya fi amfanar gidan da ke iya biyan kuɗin darasin yamma. Mai hali da aka hana gurbi yakan tura ɗansa kwalejin kuɗi ko Singapo, amma ɗan lebura Batamile daga cikin Indiyawa da iyayensa suka baro gonakin roba suka tare a gidajen haya na gwamnati ba shi da wannan mafita.