CIWON DAJI A JIHAR KENTUCKY: JIHA ƊAYA, AMMA KOWACE GUNDUMA DA NATA RABON

A cikin watan Janairu na shekarar 1964 an yi waɗansu abubuwa biyu a birnin Washington na ƙasar Amurka, kwana uku ne kawai tsakaninsu. Ran 8 ga wata Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya gaban Majalisa ya yi shelar yaƙi da talauci. Ran 11 ga wata kuma Babban Likitan Gwamnati, Luther Terry, ya fito da rahoton da ya tabbatar wa duniya cewa shan taba sigari yana jawo ciwon dajin huhu. Da watan Afrilu ya kama, sai Shugaba Johnson ya tafi da kansa garin Inez, cikin gundumar Martin a gabashin Jihar Kentucky, don ya gane wa idonsa irin talaucin da yake magana a kai. Yau an haura shekara sittin, amma talaucin da tabar suna nan tare a wannan yanki, kuma su ne suka fi bayyana a taswirar ciwon daji ta jihar.

Jihar Kentucky tana da mutane wajen miliyan huɗu da rabi, bisa ƙidayar 2020, an kuwa kasa ta gunduma 120. Gunduma a can ita ce kwatankwacin ƙaramar hukuma a nan, sai dai nasu sun yi yawa ainun, idan aka tuna cewa Jihar Kano duk da ɗimbin jama'arta 44 gare ta. A kowace shekara ana samun kimanin mutum 30,000 da suka kamu da ciwon daji a jihar, kimanin 10,000 kuma suna rasuwa ta dalilinsa. An daɗe Kentucky tana kan gaba a duk Amurka wajen ciwon dajin huhu, ko a yawan masu kamuwa ko a yawan masu mutuwa. To amma wannan lissafi na jiha gaba ɗaya yana ɓoye magana fiye da yadda yake bayyana ta, domin ciwon bai rarrabu daidai wa daida ba.

GABAS DA SAURAN JIHA

Daga cikin gundumomin nan 120, guda 54 suna cikin yankin duwatsun Appalachia, watau gabashin jihar, ƙasar tuddai da kwazazzabai da ramukan haƙar kwal. A nan ne abin ya fi muni. A yayin da a ƙasar Amurka baki ɗaya ake samun mutum hamsin da 'yan kai masu sabon ciwon dajin huhu cikin kowane mutum 100,000 a shekara, a Kentucky adadin ya haura 80, a gundumomi da yawa na gabas kuwa ya zarce 100, watau ninki biyu na na ƙasa. Jihar Utah, inda yawancin mutane ba su shan taba saboda addininsu, ba ta kai 30 ba.

A shekarar 2017 waɗansu masana na Jami'ar Washington da ke Seattle suka buga wani bincike a mujallar Ƙungiyar Likitocin Amurka, inda suka bi mace-macen ciwon daji gunduma gunduma daga 1980 zuwa 2014. Suka tarar a ƙasa baki ɗaya mutuwar ta ragu da kashi 20 daga cikin 100, daga kimanin 240 zuwa 192 cikin kowane mutum 100,000. Labari mai daɗi ke nan. Amma akwai gunduma 160 da maimakon raguwa sai ƙaruwa aka samu, kuma waɗanda suka fi ƙaruwa yawancinsu a gabashin Kentucky suke. Cikin gundumomi goma da suka fi kowa yawan mutuwa a 2014, shida na Kentucky ne: Powell da Breathitt da Owsley da Perry da Harlan da Lee, kowace ta haura 300. Gundumar Powell kuwa ba ta kai tafiyar mil 50 daga birnin Lexington ba, inda Jami'ar Kentucky take da babbar cibiyarta ta maganin ciwon daji mai suna Markey.

Wadda ta zo ta ɗaya a wannan jeri ita ce gundumar Union ta Jihar Florida, da fiye da 500. Sai dai nata dalilin daban ne: a can ne asibitin fursunoni yake, inda ake kai marasa lafiya daga gidajen yari na jihar, in sun mutu a lissafa su a kan gundumar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ba a karanta irin wannan taswira da gaggawa.

YADDA AKE ƘIRGAWA

Ba a san ciwo ya yi yawa ko bai yi ba sai an ƙirga. Majalisar Jihar Kentucky ta kafa dokar rajistar ciwon daji a 1990, daga 1991 kuma ya zama tilas ga kowane asibiti ya aika da labarin duk wanda aka samu da ciwon zuwa ofishin rajista da ke Jami'ar Kentucky. Ana rubuta irin ciwon, da matakin da ya kai lokacin da aka gano shi, da shekarun mai shi, da gundumar da yake zaune, ba inda aka yi masa magani ba. Saboda haka mutumin Harlan da aka kwantar a Lexington, a kan Harlan za a lissafa shi.

Bayan ƙirga sai gyaran lissafi. Ciwon daji ya fi kama tsofaffi, gundumar da samarinta suka watse neman aiki a birane kuwa dole ta cika da dattawa. In ba a yi la'akari da haka ba, sai a ga kamar wata annoba ce ta faɗa mata, alhali tsufa ne kurum. Don haka masana sukan daidaita adadin kowace gunduma a kan ma'auni guda na shekarun haihuwa, wanda aka ɗauko daga yawan jama'ar Amurka na shekarar 2000. Duk alƙaluman da aka ambata a sama an riga an yi musu wannan gyara, saboda haka ba za a ɗora wa tsufa laifin abin da ke faruwa a gabas ba.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan wuyar gani. Gundumar Jefferson, inda birnin Louisville yake, tana da mutum fiye da 750,000. Gundumar Robertson kuwa mutanenta ba su wuce 2,000 da 'yan ɗaruruwa ba. In bana mutum biyu suka kamu da wani ciwo a Robertson, baɗi kuma huɗu, to a takarda ciwon ya ninka, ko da yake babu abin da ya sake a garin. Masu ilmin lissafi sun daɗe da lura cewa a Amurka gundumomin da suka fi ƙarancin ciwon dajin ƙoda ƙanana ne na karkara, waɗanda suka fi yawansa su ma ƙanana ne na karkara. Ba iskar ƙauye ce ke warkarwa ko kashewa ba, ƙarancin jama'a ne ke sa adadi tsalle sama da ƙasa. Shi ya sa ake haɗa shekara biyar biyar kafin a kwatanta, a kuma ƙi buga adadin duk gundumar da masu ciwon ba su kai 16 ba. Abin da ya sa maganar gabashin Kentucky ta zama abin tsoro shi ne, ba gunduma ɗaya ba ce a shekara ɗaya. Gundumomi ne masu maƙwabtaka da juna, shekara da shekaru, duk bakinsu ɗaya.

Har ila yau, yawan kamuwa daban, yawan mutuwa daban. Inda likitoci suka yawaita ana yawan gwaji, inda ake yawan gwaji kuwa ana yawan ganowa. A farkon shekarun 1990, da aka baza gwajin jini na ciwon dajin ƙululun da ke gindin mafitsarar maza, sai adadinsa ya yi tashin gwauron zabo a Amurka, daga baya ya sauko. A 2020 kuma, da cutar korona ta hana mutane zuwa asibiti, sai adadin sababbin masu ciwon daji ya faɗi, ba don ciwon ya ragu ba, sai don ba a duba ba. Gundumar masu hali tana iya fin ta matalauta yawan matan da aka gano da ciwon dajin nono, amma ta matalautan ta fi ta yawan jana'iza.

TABA, DA ABIN DA YA WUCE TABA

Kentucky ƙasar noman taba ce tun kaka da kakanni. Da kuɗin taba aka biya bashin gona, aka kai yara makaranta, saboda haka ba a ɗauke ta abin ƙyama ba, 'yan siyasa kuma ba su son taɓa ta. Daga 1970 har zuwa 2005 harajin jiha a kan kwalin sigari sent uku ne tak. A 2005 aka mai da shi sent 30, a 2009 sent 60, sai a 2018 ya kai dala ɗaya da sent goma. A ƙasa baki ɗaya masu shan taba sun ragu daga kashi 42 cikin 100 na manya a 1965 zuwa ƙasa da kashi 15, amma a Kentucky har farkon shekarun 2000 wajen mutum uku cikin goma suna sha, a gabas kuwa abin ya fi haka. Tun da ciwon huhu yakan ɗauki shekara ashirin ko talatin kafin ya bayyana, taswirar yau hoton tabar da aka sha tun tuni ce. Wannan ne ya sa ciwon ya fara sauka a tsakanin mazan Amurka tun shekarun 1980, amma gabashin Kentucky ta makara.

Majalisar jihar ba ta kafa doka guda mai hana shan taba a wuraren aiki da gidajen abinci a duk faɗin jiha ba, sai ta bar wa kowane gari ya yi tasa. Lexington ce ta fara a 2004, Louisville ta biyo baya, gundumomi da yawa na karkara kuwa suka yi shiru. Ba da niyya ba, sai wannan ya zama gwaji. A 2018 Farfesa Ellen Hahn da abokan aikinta na Jami'ar Kentucky suka duba rajistar shekara ashirin, suka tarar mazauna wuraren da ke da cikakkiyar doka sun fi sauran tsira daga ciwon dajin huhu da kimanin kashi 8 cikin 100. Ba yawa ba ne a ido, amma a jihar da dubbai ke kamuwa kowace shekara, rayuka ne masu yawa.

Duk da haka taba ba ta ƙare bayani ba. Wani bincike da aka buga a 2011 ya nuna cewa ko an cire tasirin shan taba daga lissafi, gundumomin haƙar kwal na kudu maso gabas suna nan da ciwon huhu fiye da kima. A nan ne gardama ta tsaya. Waɗansu suna zargin ƙurar ramuka da ta duwatsun da ake fasa kawunansu don a kwashe kwal. Waɗansu suna duban ruwan rijiya, domin da aka auna farcen ƙafar mazauna gabas an sami sinadarin arsenik da waɗansu ƙarafa fiye da na mutanen Louisville. Akwai kuma iskar radon, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana fitowa daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta taru cikin ɗakuna. Ita ce ta biyu bayan taba wajen jawo ciwon dajin huhu a Amurka, in kuwa ta haɗu da taba a huhu ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi. Kamfanonin kwal sun fi son a tsaya a kan taba, masu fafutukar kare ƙasa sun fi son a tsaya a kan kwal, gaskiya kuwa ita ce mutumin da ke shan tabar sau da yawa shi ne mai shiga ramin, shi ne kuma mai shan ruwan rijiyar, rarrabe su a lissafi aiki ne ja.

Sai kuma nisa. Matar da ke zaune bayan tudu, ba ta da inshorar lafiya, ba ta da motar kirki, ba za ta bar aikin yini ta yi tafiyar awa biyu don gwajin ciwon da bai fara yi mata zafi ba. Ciwon dajin bakin mahaifa, wanda gwaji mai sauƙi ke kama shi tun bai zama ciwo ba, wanda kuma aka sami allurar rigakafinsa tun 2006, har yanzu ya fi yawa a gabashin Kentucky bisa ga yawancin Amurka.

INDA TASWIRA TA MOTSA

Ciwon dajin hanji ne ya nuna cewa rabon gunduma yana iya sakewa. Wajen shekarar 2000 Kentucky ce ta 49 cikin jihohi 50 wajen yawan masu zuwa gwajin hanji, mutum ɗaya ne cikin uku na waɗanda shekarunsu suka kai yake zuwa. Wannan gwaji kuwa ya bambanta da saura, domin likita yana iya ganin ɗan tsiron da zai rikiɗe ya zama ciwo, ya yanke shi nan take. Ma'aikatan rajista suka ɗauki alƙaluman kowane yanki suka riƙa kai wa shugabannin wurin, kowa ya ga matsayinsa kusa da na maƙwabcinsa. Wani likitan hanji na Louisville, Whitney Jones, ya kafa ƙungiyar wayar da kai a 2004. Majalisa ta kafa shirin gwaji don marasa inshora a 2008, a watan Janairu na 2014 kuma Gwamna Steve Beshear ya faɗaɗa shirin Medicaid na kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi, dubban ɗaruruwan mutane suka sami inshora, da yawansu a karon farko. Masu zuwa gwaji suka kai wajen biyu cikin uku, sababbin masu ciwon dajin hanji a jihar kuma suka ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

An bi wannan hanya a ciwon huhu ma. Tun 2013 hukumomin lafiya na Amurka suka ba da shawarar a riƙa ɗaukar hoton ƙirjin tsofaffin mashaya taba da na'urar CT sau ɗaya a shekara, a 2021 aka sauko da shekarun farawa daga 55 zuwa 50, Kentucky kuma ta shiga sahun gaba cikin jihohin da suka fi yin wannan gwaji. Amma raguwar ciwon hanji ta fi sauri a yankunan Louisville da Lexington bisa ga gundumomin duwatsu, har ya zama jiha ta ci gaba, ratar da ke tsakanin gabas da saura kuwa ba ta rufe ba.